Tankin Mai na Oda Don Jirgin Ruwa: Alminiyam 5052 Ya Ci Kuɗinsa, Amma da Sharaɗi

Duk wanda ya je ba da odar tankin mai na jirgin ruwa, tambayar farko da maƙeri zai yi masa ita ce fetur zai zuba ko dizal, ta biyu kuma da me yake so a ƙera. Abin da masu wannan sana'a suka fi aiki da shi bai wuce biyar ba: alminiyam, ƙarfe mara tsatsa, baƙin ƙarfe, roba da faiba. Wannan sharhi ya auna su ne a kan abin da tanki ke gamuwa da shi a cikin jirgi, wato damshi, gishiri, girgiza, da ruwan da ke kwanciya a ƙarƙashin mai. A ganinmu, ga tankin da za a ƙera daidai da ramin da ke cikin jirgi, alminiyam mai lamba 5052 ya fi sauran dacewa a mafi yawan lokuta. Sai dai tankin alminiyam da zai kai shekara ashirin ko talatin da wanda zai huje cikin shekara biyar, sau da yawa daga falle ɗaya aka yanko su. Yadda aka zaunar da su a jirgi ne ya raba su.

Mu fara da shi kansa alminiyam ɗin, domin a nan ake fara cutar mai saye. Idan maƙeri ya ce maka "alminiyam ne mai kyau" bai faɗi lamba ba, bai gaya maka komai ba. Wanda ake so shi ne 5052-H32, ko 'yan'uwansa 5086 da 5083. Dukkansu gauraye suke da maganiziyam (5052 yana da kusan kashi 2.5 cikin ɗari), abin da ke sa su jure ruwan gishiri kuma su karɓi walda ba tare da sun yi laushi sosai ba. 5052 ya fi yawa a tankuna saboda yana lanƙwasuwa a injin naɗi ba ya tsagewa. Akwai 6061 wanda ake samu ko'ina, mai ƙarfi ne a matsayin sanda ko bututu, amma ƙarfinsa daga gashin wuta ya samo shi, saboda haka duk inda zafin walda ya taɓa sai ya sake, kuma yana yawan tsagewa a wurin lanƙwasa. 3003 kuwa ya fi arha, ya fi laushi, ba na tankin teku ba ne. Ana buga lambar a jikin fallen daga masana'anta. Ka nemi a nuna maka kafin a yanka, ko a ba ka takardar shaidar ƙarfen.

Sai kauri. Ƙungiyar ABYC ta Amurka, wadda ke tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa, ta sa inci 0.090 a matsayin mafi ƙarancin kaurin tankin alminiyam, wato kusan milimita 2.3. Wannan iyaka ce ta ƙasa, kuma ba ma ba kowa shawarar ya tsaya a kanta. Alminiyam ba ya lalacewa bai ɗaya kamar baƙin ƙarfe. Wuri ɗaya yake ci, ɗan rami kamar tsinin allura, ya yi ta nutsawa har ya ɓula. Duk milimita ɗaya da aka ƙara, shekaru aka ƙara kafin ramin ya kai ciki. Ga tankin da bai kai lita 200 ba, milimita 3 zuwa 3.2 ya wadatar. Daga nan zuwa sama, ko a jirgi mai gudu da ke dukan igiyar ruwa, a je milimita 4.8 ko 5. Manyan tankuna na ɗaruruwan lita sukan kai milimita 6.

Mutane na tsoron nauyi, to ga lissafi. Ɗauki tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 60, zurfi 30. Yana cin lita 216. Jikinsa duka da shamaki ɗaya a tsakiya, wato fallen da ke raba cikin tanki, ya kai murabba'in mita 2.7. Da alminiyam na milimita 3.2 nauyinsa kusan kilo 23 ne, da na 4.8 kuwa kusan kilo 35. Wannan tanki da ƙarfe mara tsatsa na milimita 2 zai kai kilo 43, da baƙin ƙarfe na milimita 3 kusan kilo 64. Man da ke ciki shi kaɗai, idan dizal ne, ya haura kilo 170. Kilo 12 da za a ƙara don samun alminiyam mai kauri ba abin da jirgi zai ji ba ne, kuma kuɗin ƙarfen ƙaramin kaso ne idan aka kwatanta da kuɗin aikin walda da na fasa daɓen jirgi a ciro tankin da ya ɓula.

A wurin ƙira, aikin da muke yabawa shi ne wanda aka naɗe ƙasa da gefuna biyu daga falle ɗaya, aka rage yawan ɗinkin walda. Kowane ɗinki wuri ne da yoyo zai iya farawa, musamman na ƙasa inda ruwa ke zama. Wayar walda ta zama 5356, wadda ita ma maganiziyam gare ta. Masu walda da yawa sun fi son 4043 saboda tana narkewa da sauƙi tana ba da ɗinki mai sheƙi, amma ba ita ce ta dace da wannan dangin alminiyam ba, balle 5086 da 5083. Burushin da za a goge wurin walda ya zama na ƙarfe mara tsatsa wanda bai taɓa aiki a kan baƙin ƙarfe ba. Ɓurɓushin baƙin ƙarfe da ya maƙale a jikin alminiyam, kowane ƙwaya ɗaya mafarin rami ne da zarar ya samu damshi. Shagon da ke yanka baƙin ƙarfe da alminiyam a teburi ɗaya da dutsen gurza ɗaya, wannan kaɗai ya isa a rage masa maki.

Shamakin ciki yana aiki biyu: yana hana mai ya kwasa da gudu daga wannan gefe zuwa wancan idan jirgi ya karkata, yana kuma riƙe bangon tanki kada ya riƙa kumbura yana lotsawa. Wannan kumburi da lotsawa ne ke gajiyar da ɗinki har ya tsage. A aikace ana sa shamaki kowane santimita 60 zuwa 75, a yanke kusurwoyinsa na ƙasa don mai ya wuce, na sama kuma don iska ta wuce. Idan aka manta na sama, iska na maƙalewa a ɗaki ɗaya, tanki ya ƙi cika, mai ya riƙa dawowa ta bakin zuba.

Yanzu ga sharaɗin. Abin da ke kare alminiyam wata siririyar fata ce da ke fitowa a jikinsa idan ya haɗu da iska. Muddin iska na kaiwa gare shi, ko ya jiƙe ya bushe babu damuwa. Inda ake samun ɓarna shi ne wurin da ruwa ya maƙale tsakanin tanki da wani abu, iska ba ta shiga. A nan ruwan ke komawa mai tsami, fatar ta kasa sabuntuwa, sai ka ga farin gari mai danƙo da ramuka a ƙarƙashinsa. Saboda haka tankin da aka ɗora kai tsaye a kan katako, ko kafet, ko aka zuba masa kumfar cika rami ta rufe shi ta ko'ina, an riga an yanke masa wa'adi. Kumfar nan tana da farin jini saboda tana riƙe tanki cikin sauƙi, amma da tafiya ta yi tafiya sai ta rabu da jikin ƙarfen, ta bar siririn wuri da ruwa ke shiga ba ya fita. Baƙar roba ta taya da irinta ma ba a so, domin gawayin da ke cikinta yana haɗa wuta da alminiyam ya ci shi daidai inda suka taɓa.

Zaman da ya dace shi ne a yanko filastik mai tauri ko faiba, faɗin santimita 5, kaurin milimita 6, a manna su a ƙasan tankin kowane santimita 30 da gam na foliyuretan irin 3M 5200. A shafa gam ɗin ya cika fuskar duka, ya matso ta gefe, kada a bar ko ɗan wurin da ruwa zai ɓuya tsakanin filastik da ƙarfe. Kafin mannawa a gurza wurin a wanke maiƙo. Haka tanki zai zauna sama da daɓe, iska na wucewa ta ƙasansa, ruwa na gangarewa. Duk madaurin da zai kewaye shi a yi masa irin wannan shimfiɗa. Ramin tankin kansa ya kasance yana da mafitar ruwa zuwa gindin jirgi, kuma saman tankin kada ya zama wurin da ruwa ke tsayawa. Dokar Amurka ta jiragen fetur ta ce tanki kada ya motsa fiye da kwatan inci a mazauninsa, kuma kada a ɗora masa nauyin daɓe ko bango. Wasu maƙera na shafa wa waje fentin ifoksi, yana da amfani idan an gurza an share da kyau kafin shafawa. Fentin da ya ɗaye ya bar aljihu ya fi rashin fenti illa.

Abu na biyu da ke kashe alminiyam shi ne jan ƙarfe da tagulla. Ana yawan ganin tanki mai kyau an ɗaura masa kan famfo na tagulla kai tsaye. Da damshi ya shiga tsakaninsu, alminiyam ne ke narkewa a zagayen zaren. A sa mahaɗi na ƙarfe mara tsatsa tsakanin su biyun, ko a yi amfani da kayan alminiyam. Ko guntun wayar jan ƙarfe da ta faɗa cikin tanki lokacin haɗa geji tana iya huda ƙasansa.

Ƙarfe mara tsatsa shi ne wanda masu saye suka fi sha'awa, kuma shi ne ya fi ba su kunya. Sunansa ya fi aikinsa a wannan wuri. Shi ma da fatar da iska ke yi masa yake kare kansa, don haka ruwan gishirin da ya maƙale ba iska yana cin sa, kuma a kan ɗinkin walda yake farawa. Zafin walda yana sa sinadarin kabon da ke cikinsa ya kama kuromiyam, gefen ɗinkin ya rasa kariya. Shi ya sa idan za a yi shi, sai 316L ko 317L: harafin L yana nufin kabon bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba, kuma 316 yana da molibdinam kashi 2 zuwa 3 da ke rage ramuka. 304 na kayan kicin ba shi da molibdinam, kada a yarda da shi ko da ya fi arha. Saboda tsada da nauyi, ana yawan yin tankinsa da siririn falle, siririn falle kuma yana motsi, shi kuwa wannan ƙarfe idan ya yi ta motsi tauri yake yi ya tsage. Dole a cika bayan ɗinki da iskar argon lokacin walda, a kuma wanke ɗinkin da sinadarin da ke maido da fatar. Maƙerin da ya iya duk wannan zai ba ka tankin dizal mai kyau ƙwarai, a kaurin milimita 2 zuwa 3. Irin waɗannan maƙera ba su da yawa, kuma daga waje ba za ka gane wanda ya yi daidai ba sai bayan shekaru.

Baƙin ƙarfe na dizal ne kawai, kuma a babban jirgi mai nauyi yana da hujjarsa: kowane mai walda ya iya shi, yana da arha, dizal da kansa yana kare cikinsa. Daga waje yake ruɓewa, galibi ta sama inda ruwa ke ɗiga daga bakin zuba mai, don haka fenti da busasshen wuri su ne rayuwarsa. Kada a yi wa cikin tankin dizal rufin tutiya. Dizal yana narkar da tutiyar, ta zama laka ta toshe matata da allurar inji. A fetur kuwa dokar Amurka ta hana baƙin ƙarfe sai an yi masa rufin tutiya ciki da waje.

Roba, wato foliyetilin mai sarƙaƙƙen ƙulli da ake zubawa a cikin mazubi mai juyawa, ita ce ba ruwanta da tsatsa ko gishiri ko itanol, sinadarin da ake gaurayawa a fetur. Idan akwai tankin roba na kanti da ya shiga ramin jirginka daidai, saye shi ya fi ba da oda, wannan ba ma ɓoye shi. Matsalar ita ce maganar oda muke yi. Irin wannan roba ba ta waldawa, kuma yin sabon mazubi don tanki ɗaya ba zai biya ba. Yawanci za ka rasa wasu litoci saboda siffar ba ta bi cikin jirgi ba, ba ta kuma ɗaukar cikakken shamaki. Tana kumbura da kusan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari bayan ta sha mai a makonnin farko, saboda haka tanki mai tsawon mita ɗaya yana bukatar sararin santimita 3, a kuma sake duba madauri bayan ya gama kumburin. Wanda ya matse shi a rami ba sarari zai tarar saman ya lotsa, ruwa na taruwa a kan geji. Tsofaffin tankunan roba suna fitar da warin fetur ta jikinsu, sababbin da aka yi wa shamakin tururi sun rage wannan sosai. Akwai masu walda falle-fallen roba mai tauri su yi tankin oda, wannan ya fi dacewa da dizal.

Faiba kuwa ga dizal tana yi, kuma tana bin kowace siffa. Ga fetur mai gaurayen itanol, a guje ta sai dai in an tabbatar da irin rezin ɗin, wato danƙon da ke haɗe zaren faibar. Lokacin da fetur mai itanol kashi 10 ya bazu a Amurka a tsakiyar shekarun 2000, tsofaffin tankunan faiba na rezin foliyesta sun riƙa narkewa daga ciki, narkakken rezin ya bi mai ya daskare a bawul ɗin inji. Rezin binilesta ya fi jurewa. Akwai kuma Monel, gaurayen nikel da jan ƙarfe, wanda kusan ba ya mutuwa a fetur, amma tsadarsa ta fitar da shi daga lissafin yawancin mutane.

Nau'in man yana canza ƙirar ma. A tankin fetur duk wata kafa ta kasance a sama, babu magudana a ƙasa ko a gefe, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana sauka gindin jirgi ya jira tartsatsi. Ba a kuma mai da jikin jirgi ya zama bangon tankin fetur, abin da ake yi a dizal. Tankin dizal yana bukatar kafar dawowar mai daga inji, nesa da bututun tsotsa, da murfin dubawa a kowane ɗaki tsakanin shamaki, mai faɗin da hannu zai shiga. Dalili shi ne ƙwayoyin halitta suna rayuwa a inda ruwa da dizal suka haɗu, suna yin baƙar laka mai tsami da ke cin ƙasan alminiyam daga ciki. Maƙeri nagari zai karkata ƙasan tankin zuwa wuri ɗaya mafi zurfi, ya saukar da siririn bututu daga sama zuwa can don a riƙa zuƙe ruwan. Bututun tsotsar inji kuma ya tsaya santimita 1 zuwa 2 sama da ƙasa. Bakin zuba mai galibi milimita 38 ne, na numfashi 16, kuma a bar kusan kashi 5 cikin ɗari na tankin ba mai, domin fetur yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin ɗari a kowane ƙarin digiri 10 na zafi a ma'aunin Salsiyas. A sa a walda ɗan kunne na ɗaura wayar ƙasa, a haɗa tanki da bakin zuba na ƙarfe da ita don kada wutar gogayya ta yi tartsatsi lokacin shan mai. Wurin geji ya zama na ramuka biyar da aka saba, a kuma duba ko agogon da ke gaban direba na tsarin Amurka ne mai om (ma'aunin turjiyar wuta) 240 zuwa 33 ko na Turai, in ba haka ba allura za ta riƙa karanta baibai.

Kafin a yanka ƙarfe, a yi samfurin tankin da kwali ko siririn katako, har da tsayin kafofin sama da lanƙwasar tiyo, a gwada shigar da shi ta ƙofar da ainihin tankin zai bi. Tankin da ya yi daidai da rami amma ya ƙi wucewa ta ƙofa abu ne da ke faruwa fiye da yadda ake zato.

Kada a karɓi tanki sai an gwada shi da iska. Matsin iskar da ake so shi ne psi 3, kusan 0.2 a ma'aunin bar, ko fiye idan bututun zuba mai yana da tsawo sosai. A toshe kafofi, a hura, a shafa ruwan sabulu a kowane ɗinki da kowane zare, a bar shi a ga ko allura za ta sauka. Psi 3 yana kama da ƙaramin abu, amma a saman tankin nan namu na santimita 120 da 60 ya kai nauyin kusan kilo 1,500. Wanda ya jona kwamfuresa kai tsaye ba abin rage ƙarfi zai kumbura tankin ya yage shamaki daga bango cikin daƙiƙa kaɗan, kuma yagewar ba ta ganuwa daga waje. Hanya mafi aminci ita ce farin tiyo da aka lanƙwasa aka zuba wa ruwa: bambancin tsayin mita 2.1 shi ne psi 3, idan iska ta wuce haka ruwan ne zai zube. Bayan an zaunar da tankin a jirgi an haɗa tiyo, a maimaita gwajin a kan dukkan layin. A ƙarshe a ga an liƙa farantin shaida inda za a iya karantawa bayan an rufe daɓe, ɗauke da sunan maƙeri, shekarar ƙira, yawan lita, lambar ƙarfe da kaurinsa, nau'in mai, da ƙarfin iskar da aka gwada shi da ita. Masu bin tsarin Turai su nemi a rubuta cewa an bi ISO 21487, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tankunan mai na ƙananan jiragen ruwa.